Fargabar jarrabawar intanet da ake sa ido ta kyamara: ina neman shawara

Ɗalibar Nesa ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, ko dai don sun taɓa zama irin wannan jarrabawa, ko don suna koyarwa a inda ake yin ta.

Ina karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma da wata jami'a ta ƙasar waje, amma daga gida nake yin sa a nan Kano, domin ina da aure da yara biyu, ga kuma aikin da nake fita da safe. Darussa da aikin gida ba su taɓa ba ni wahala ba. Abin da ya zame mini ƙarfen ƙafa shi ne jarrabawar ƙarshen zango, wadda ake rubutawa a kwamfuta alhali wata manhaja tana kallona ta kyamara, tana sauraron ɗakin ta makirufo, tana kuma naɗar duk abin da ke kan allo. Kafin a buɗe tambayoyi sai na nuna katin shaida, sannan na ɗaga kwamfutar na zagaya ɗakin da ita, ta ga gadona da sallaya da bayan ƙofa da ƙarƙashin tebur. Daga nan ba a yarda in tashi ba, ba a yarda wani ya shigo ba, ba a yarda in karanta tambaya a bayyane ba, kuma an gargaɗe mu cewa yawan kau da ido daga allo yana iya jawo tuhuma.

A zangon da ya wuce, ina cikin minti na arba'in na jarrabawar awa biyu sai aka ɗauke wuta. Kwamfutar tana da caji, intanet ma bai yanke ba, amma ɗakin ya yi duhu domin na saki labule, nan take wani rubutu ya fito a saman allo cewa ba a ganin fuskata. Fitilar caji tana kan durowa, taku uku daga inda nake zaune. Na rasa yadda zan yi, ko in tashi in ɗauko ta a ce na bar mazaunina, ko in zauna a ce na ɓoye fuska. Ina cikin wannan hali sai ƙaramar 'yata ta zo bakin ƙofa tana bubbugawa tana kiran "Umma, Umma", ni kuwa na kasa amsa mata don kada a ce ina magana da wani, har ta fashe da kuka yayarta ta zo ta janye ta. Tambayar da ke gabana a lokacin na san amsarta kamar sunana, amma na karanta ta sau huɗu ban fahimci abin da take nufi ba.

Bayan kwana biyu aka aiko mini da imel cewa an riƙe sakamakona ana bincike. Kwana goma sha ɗaya na yi ina jira kafin a ce ba a same ni da laifi ba. Na gode Allah, amma tun daga ranar abin bai bar ni ba. Saura mako uku in sake zama wata jarrabawar, kuma da na tuna da ita sai gabana ya faɗi, tafin hannuna ya jiƙe, barci ya ƙaurace mini. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, na rubuta JAMB a kwamfuta, na yi shekara huɗu ina jarrabawa a babban zaure malamai suna kai da komo a kanmu, ban taɓa jin irin wannan tsoro ba. Me ya bambanta wannan? Mene ne ainihin abin da manhajar take rubutawa a kaina? Kuma me zan yi kafin ranar ta zo?

Malamin Jami'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sauƙaƙa. Na koyar a lokacin annobar korona a wata jami'a da ta yi amfani da irin wannan manhaja, kuma ni ne nake duba rahoton da take fitarwa a kan ɗalibaina, don haka bari in gaya miki abin da ake gani daga ɗaya ɓangaren.

Manhajar ba ta san satar amsa ba, ba ta kuma da hanyar saninta. Abin da take yi shi ne ƙirga abubuwan da aka saita mata: fuska ta ɓace daga kyamara, fuska ta biyu ta bayyana, kai ya juya gefe na wasu daƙiƙoƙi, ƙara ta tashi a ɗakin, an yi yunƙurin buɗe wani shafi, ko intanet ya katse. Duk wanda ya faru sai ta sa alama a daidai wannan daƙiƙar ta bidiyon. Malami yana buɗe rahoto sai ya ga jerin sunaye, kowane suna da alamominsa, sannan ya danna ya kalli wurin da idonsa. A cikin abin da na kalla, mafi yawa ɗalibi ne ya sunkuya yana lissafi a takarda, ko ya dafe goshi da hannu, ko babur ya wuce ta bayan taga. Alamar gayyata ce zuwa ga dubawa, ba hukunci ba ce, kuma mai yiwuwa abin da ya faru a naki ke nan: an ga fuska ta ɓace an kuma ji murya a lokaci guda, aka ajiye takardar har sai wani ya samu sukunin kallo.

Domin ki ga yawan yadda wannan ke faruwa, a jarrabawar zama lauya ta jihar Kalifoniya da aka yi ta intanet a watan Oktoba na 2020, mutane kusan 9,000 ne suka zauna, manhajar ta sa wa fiye da 3,000 alamar tuhuma, wato kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma da aka bincika aka wanke mafi yawansu. Babu mai hankalin da zai ce sulusin masu neman zama lauya ɓarayin amsa ne.

Sai dai ba zan ɓoye miki ba, na kama waɗanda suka yi maguɗi na gaske, har da wanda wani ya zauna masa jarrabawar gaba ɗaya. Shaidar digirin da kike wahala a kanta ba za ta yi daraja ba idan kowa yana iya sayen ta daga ɗakinsa, saboda haka ba na cikin masu cewa a daina sa ido kwata-kwata. Shawarata ita ce ki rubuta wa malamin kwas ɗin tun yanzu, ki bayyana masa cewa a inda kike ana ɗauke wuta ba tare da sanarwa ba, akwai yara a gidan, akwai kuma lasifikar masallaci a kusa, ki tambaye shi abin da yake so ki yi idan ɗayansu ya faru. Amsar da zai ba ki a rubuce ita ce garkuwarki.

'Yar Damagaram ta amsa:

Yaya, na karanta saƙonki har idona ya kawo ruwa, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Ni ma na sha wannan lokacin da nake karatu a Turai, kuma ina so in ƙara wani abu da Malam bai ambata ba, wato launin fata. Ni baƙa ce, kuma ina sa hijabi mai duhu. Sau da yawa tun a matakin tantancewa manhajar take cewa ba ta ga fuska ba, alhali ƙawata farar fata da muke gida ɗaya ba ta taɓa samun wannan matsala da hasken ɗakin nan ɗaya ba. Sai da na riƙa kafa fitilar tebur tana haska ni kai tsaye na tsawon awa biyu, ina gamawa kaina yana sarawa. Kafin in ga tambaya ta farko na riga na ɓata minti goma sha biyar ina roƙon na'ura ta yarda cewa ni mutum ce.

Daga baya na gane ba ni kaɗai ba ce. Wata ɗaliba baƙar fata a jami'ar Vrije da ke Amstadam ta kai ƙara gaban hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar Holan a 2022 a kan wannan batu na haska fuska da fitila. A ƙarshe hukumar ba ta gamsu cewa an tabbatar manhajar ta nuna mata wariya ba, amma ƙarar ta sa duniya ta ji abin da da yawanmu muke haɗiyewa. A Ingila ma, a jarrabawar lauyoyi ta watan Agusta na 2020, wasu ɗalibai sun ba da labarin yadda suka yi fitsari a kwalba ko bokiti a gaban kwamfuta saboda tsoron a soke musu jarrabawa idan sun tashi, wasu mata Musulmi kuma suka koka kan yiwuwar a nemi su cire lulluɓi a gaban mai sa ido namiji.

Abin da ya taimake ni ƙarami ne. Na koma sa hijabi mai haske ranar jarrabawa, na kuma juya teburina ya fuskanci taga maimakon taga ta kasance a bayana. Idan kuma jami'arku tana amfani da mutum mai kallo kai tsaye, ki nemi a ba ki mace tun kafin ranar.

Ma'aikaciyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta amsa:

Ƙanwata, tambayarki ta farko ita ce mafi muhimmanci, wato me ya sa zauren jarrabawa bai tsorata ki ba amma ɗakinki ya tsorata ki, kuma a kanta zan daɗe.

A zaure, tsoro ɗaya kike ɗauke da shi, na ko za ki ci ko ba za ki ci ba. Malamin da ke zagayawa kina ganin fuskarsa, kin san lokacin da yake kallonki da lokacin da ya wuce, kuma idan biro ya faɗi ƙasa kin sunkuya, ya ga dalilin da idonsa. A gaban kyamara kuwa an ɗora miki tsoro na biyu, na kada a zarge ki da abin da ba ki aikata ba, daga mai kallon da ba kya gani, wanda ba ya ƙiftawa, ba kya kuma iya yi masa bayani. Ga wadda ta tashi a gidan da ake ɗaukar zargin ha'inci ya fi faɗuwa muni, wannan tsoro na biyu ya fi na farko nauyi.

Ga yadda yake cin makinki. Ɓangaren tunanin da mutum yake riƙe abubuwa na ɗan lokaci yana sarrafa su, kamar lambobin lissafi ko sassan doguwar tambaya, ƙaramin faifai ne, ba ya ɗaukar kaya da yawa. Idan rabinsa ya tafi wajen lura da inda idonki yake, da ko kanki ya karkata, da sauraron motsin bakin ƙofa, abin da ya rage wa tambayar kaɗan ne. Shi ya sa kika karanta ta sau huɗu ba ta shiga ba. Ilimin yana nan, wurin ajiye shi a yi aiki ne ya cika. Ƙari a kan haka, kau da ido zuwa sama ko gefe yayin tunani ɗabi'a ce ta ɗan Adam, kuma bincike ya nuna tana taimaka wa mutum ya tuno abu mai wuya, domin tana rage abin da ido yake shigarwa. Umurnin a kafe allo da ido yana hana ɗalibi wani abu da ƙwaƙwalwarsa take buƙata.

Faɗuwar gaba da gumin hannun da kike ji yanzu kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jikinki ya haɗa teburin nan da kyamarar nan da ranar da aka ɗauke wuta, yana sakin sinadaran shirin gudu tun haɗari bai zo ba. Maganinsa shi ne maimaita zaman cikin aminci har jiki ya saba. A cikin makonni ukun nan, ki zauna aƙalla sau biyar a teburin, a daidai lokacin da za a yi jarrabawar, ki kunna kyamara kina ganin fuskarki, ki saita agogo, ki amsa tsofaffin tambayoyi. A ɗaya daga cikin zaman ki sa a kashe miki wutar ɗakin da gangan, ki gwada abin da za ki yi. Na farko zai yi miki wuya, na huɗu zai fi sauƙi.

Akwai kuma wata dabara da aka gwada a Jami'ar Chicago, aka buga sakamakonta a mujallar Science a 2011: ɗaliban da suka ɗauki minti goma kafin jarrabawa suka rubuta abin da ke damunsu game da ita sun fi takwarorinsu maki, musamman waɗanda dama suke da yawan fargaba. Ki yi wannan a wani ɗaki, ki bar takardar a can. Idan tsoro ya taso a tsakiyar jarrabawa, ki ja numfashi ta hanci, ki sake shi a hankali ya fi shaƙar tsawo, sau biyar ko shida, idonki yana kan allo, leɓɓanki a rufe. Addu'a a zuci ma babu kyamarar da take gani.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki sha maganin barci ko na kwantar da hankali da wani ya ba ki ba tare da likita ba. Idan rashin barcin ya wuce mako biyu, ko ya fara taɓa cin abincinki da aikinki da kula da yara, ki je asibiti ki yi bayani kamar yadda kika yi a nan.

Lauya Mai Bibiya ya amsa:

Da izinin Malam, zan ɗan saɓa masa a wuri ɗaya. Ya ce alama ba hukunci ba ce domin mutum yana dubawa, kuma na yarda shi yana dubawa. Amma ba kowace makaranta take da irinsa ba. Kamfanin ProctorU, mai sayar da irin wannan manhaja, da kansa ya sanar a 2021 cewa zai daina sayar da tsarin da na'ura kaɗai take sa ido, kuma cikin dalilan da ya bayar akwai cewa ƙalilan ne daga cikin zaman da aka sa wa alama makarantu suke komawa su kalla. Ko an kalla ma ana iya yin kuskure. A shekarar 2021 kwalejin horar da likitoci ta Dartmouth a Amurka ta tuhumi ɗalibai 17 da satar amsa a jarrabawar nesa, bisa bayanan da suka nuna wai sun buɗe shafin darussa na Canvas suna cikin jarrabawa. Masana suka nuna cewa shafin yana iya sabunta kansa a waya ko kwamfutar da aka bari a buɗe ba tare da ɗalibi ya taɓa shi ba. A watan Yuni na shekarar makarantar ta janye tuhumar duka, shugaban kwalejin ya ba da haƙuri, amma bayan ɗaliban sun shafe watanni cikin zullumin kora. Saboda haka tsoron da Malama take ji yana da tushe, kuma bai kamata mu mayar da shi matsalar zuciyarta kaɗai ba.

Batun zagaya ɗaki da kyamara ma ya taɓa zuwa kotu. A watan Agusta na 2022 wani alƙalin tarayya a jihar Ohayo ya yanke hukunci cewa Jami'ar Jihar Cleveland ta keta haƙƙin wani ɗalibi da kundin tsarin mulkin Amurka ya ba shi na kariya daga binciken da ba shi da hujja, lokacin da aka sa shi nuna ɗakin kwanansa kafin jarrabawa. Wannan shari'a ta shafi jami'ar gwamnati ce a Amurka, ba za ki ɗauke ta ki kafa hujja da ita daga Kano ba, amma ta nuna cewa nauyin da kike ji idan baƙon ido ya shiga ɗakin aurenki ba tsirfa ba ce. A nan gida Najeriya kuma muna da dokar kare bayanan sirri ta 2023, wadda ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka tattara a kansa da dalilin tattarawa.

A aikace, ki nemi jami'ar ta gaya miki a rubuce wa yake kallon bidiyon, tsawon wane lokaci ake ajiye shi, da kuma matakan ɗaukaka ƙara idan an tuhumi ɗalibi. Ki tambaya ko suna yarda a zauna jarrabawar a wata cibiya ko a gaban wani amintaccen mai sa ido a garinku, domin wasu jami'o'in nesa suna da wannan zaɓi amma ba sa tallata shi. Idan wani abu ya faru a tsakiyar jarrabawa, ki kalli kyamara ki faɗi abin da ya faru a jimla ɗaya, misali cewa an ɗauke wuta za ki kunna fitila, sannan da kin gama ki aika imel ɗauke da lokacin da abin ya auku. Ki kuma fita daga shafin darussa a wayarki da kowace na'ura kafin ki fara.

Ɗalibar Nesa ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na jinkirta amsawa ne domin in fara aikata abin da kuka ce. Na rubuta wa malamin kwas ɗin, ya amsa washegari cewa idan wuta ta ɗauke in faɗa a gaban kyamara in kunna fitila, kuma kiran salla ko muryar yara daga waje ba zai ɗauke su a matsayin laifi ba. Batun cibiya kuwa ya ce sai ofishin jarrabawa, na tura musu, ina jiran amsa, haka ma tambayar tsawon lokacin da ake ajiye bidiyon.

Tunda an ba mu damar zaɓar lokaci a cikin yini guda, na zaɓi ƙarfe tara na safiyar Asabar, bayan Asuba da nisa kuma kafin Azahar, ga hasken rana. Maigidana ya ce zai kai yaran gidan Hajiyarsa tun daren Juma'a. Na fitar da teburin daga ɗakin kwana zuwa falo, ya fuskanci taga kamar yadda ƙanwata ta Damagaram ta ce, fitilar caji kuma yanzu tana kan teburin kusa da hannuna na dama.

Anti ma'aikaciyar lafiya, na yi zaman gwaji sau biyu. A na farko ban kai minti ashirin ba na rufe kwamfutar, hannuna yana rawa. A na biyu, jiya, na cika awa ɗaya, kuma da babbar 'yata ta kashe wutar falon kamar yadda na umurce ta, gabana ya faɗi sosai, amma na faɗi jimlar, na kunna fitilar, na koma kan tambaya ta goma sha huɗu na amsa ta. Barcin dai har yanzu bai daidaita ba, ina farkawa wajen ƙarfe uku. Idan ya kai ƙarshen makon nan a haka zan je asibiti ranar Litinin, in sha Allah.